Malachy da Ƙasar da Masu Golf Suka Zubar

Kafin gari ya gama wayewa Malachy ya ɗaure gwiwoyinsa, ya loda shebur da injin daɓe a bayan a-kori-kura, ya bar garin McLeansville, nan ƙasar waje da muke zaune. Aikinsa shimfiɗa ciyawar roba a bayan gidajen masu hali, inda mai gida zai tsaya da sanda yana tura ƙwallon golf cikin rami. Ya haura shekara ashirin a kan haka. Wannan watan ya ajiye. Gwiwa ta ƙi.

Ranar da na fara bin sa wurin aiki a unguwar masu kuɗi ta Irving Park na kasa zama. Gida a kan tudu, bayansa gangare. Ƙasa baƙa, mai laushi, har da tana a ciki. Ni manomi ne daga Pankshin, na san ƙasa. Ina kallo aka kankare ta duka aka loda a mota.

Na ce, "Ina za a kai ta?"

Ya ce, "Juji, Baba."

"Ƙasar?"

"Ita. Ciyawarmu ba ta cin abinci."

Sai ya kama aiki. Ya jera duwatsu a gindin gangaren kamar yadda muke tare gona a kan dutse. Ya binne bututu mai huji don ruwa ya sami hanya. Ya zuba tsakuwa ya daɓe, ya ƙara ya daɓe. Ya shimfiɗa ciyawar, ya haɗa bakinta da gam, ya watsa yashi ya share. Sannan ya durƙusa ya gangara ƙwallo da hannu. In ta karkace inda bai so ba, ya ɗaga ya sake. Abokan aikinsa sun shaida ruwan sama bai taɓa kwashe masa aiki ba.

Ba don wannan na ɗauki biro ba.

Ƙasar ba juji take zuwa ba. Unguwar Glenwood yake kai ta, bayan gidajen mutanenmu, inda babu komai sai jar laka mai taurin siminti. Yakuwar da kuke ci, da rama, da gauta, a kan ƙasar masu golf suka fito. Bai gaya wa ogansa ba. A ganinsa abin da aka zubar ba shi da mai shi.

Akwai Mama Liyatu, gwauruwa, da ɗanta ya ɗauko daga gida. Ɗan na wurin aiki dare da rana, ita tana zaune gaban taga har ta daina magana. Malachy ya juye mata mota guda. Ta nemi fartanya. Kafin damina ta yi nisa tana waƙa.

Da amfani ya nuna ta tambaye shi, "Ɗana, ƙasar wa na noma?"

Ya yi dariya ya faɗa mata layin da launin gidan. Bai kawo komai a ransa ba.

A wurinmu wanda ya noma ƙasar wani ba ya cin nunan fari sai ya kai wa mai ƙasa. Mama ta cika kwano da kuɓewa da yakuwa, ta sa Nasiba, wata ɗalibar jami'a da ke haya kusa da su, ta kai ta a mota. Nasiba ce ta ba ni labari. Ba a buɗe ƙofa ba. Murya ce ta fito daga ƙararrawar ƙofa mai na'urar magana. Mama ta durƙusa gaban katakon ƙofar tana gaisuwa, Nasiba na fassarawa: ta zo godiya ne, ƙasar da Malachy ya kawo ta yi albarka. Muryar ta tambaya wa ya ba su adireshi. Suka ajiye kwano suka tafi.

Washegari mai gidan ya kira kamfani. Oga ya kira Malachy. Ya ce laifi biyu ne, motar kamfani da adireshin kwastoma. Na mota zai yafe. Na adireshi kuwa, in Malachy ya yarda ya ce tsohuwar ce ta bi shi bai sani ba, magana ta ƙare.

Malachy ya ce, "Oga, da bakina na gaya mata. Gaisuwa ta kai, ba sata ba."

Aka karɓi mukullin mota.

Na tsufa. Na ga fari, na ga rikici. Ban taɓa jin an kori mutum daga aiki saboda kwanon kuɓewa ba. Har yau abin bai zauna mini ba. Na ce zan tashi a coci in faɗa. Ya riƙe mini hannu.

"Baba, in Mama ta ji, ba za ta sake taɓa fartanya ba. Ku bari."

Ga yaransa a makaranta, haka ya yi lokacin sanyin shekarar ba aiki. Daga baya ya sami tsohuwar mota, ya riƙa karɓar aikin tudun da wasu suka ƙi, shi kaɗai, yana hawa da tsakuwa a baro. Nan gwiwar ta tafi.

Kowace shekara kuma Mama ta miƙa masa kwano. "Ka kai wa mai ƙasa. Mutumin nan kunya gare shi, ko fitowa bai iya ba."

"To, Mama."

Sai ya kai wa ɗalibai irin su Nasiba su yi miya.

Ta rasu bayan Ista, ba ta sani ba. Shi ya sa bakina ya buɗe.

Malachy, kai ne katangar gindin tudu, ka tare nauyi ba ka yi ƙara ba. Kai ne ka zaɓi aikinka ya tafi a kan a ɗora wa tsohuwa laifi. Ba na yawan gode wa mutum. Na gode maka. Ubangiji ya warkar da gwiwarka, ya sa 'ya'yanka su riƙe ka.

Ku kuma samari masu motoci, kun ji. Asabar mai zuwa za a kankare bayan wani gida, mai gidan ya yarda a kwashe. Malachy ba zai iya ɗaga shebur ba. Kowa ya zo da nasa.