Kitsen Taguwa a Cikin Inji

Har gobe ban manta da ranar da Baba Ilyas ya shigo garejinmu a Arlit ba. Lokacin ina mataimakin shef, wato mai bin shugaban makanikai. Kasuwar uraniyom ta faɗi, ga fari, ga tawaye ya tare hanyar Agadas, sai a yi makonni tankar gazuwal, wato man dizal, ba ta iso ba.

Baba Ilyas mutumin Dannet ne. Fari ya cinye masa garke, ya dawo gari yana lambu. Injin ban-ruwansa ya tsaya don rashin gazuwal, 'yan dabinonsa takwas sun fara sunkuyar da kai. Su kaɗai suka rage masa a duniya.

A ƙuryar garejin akwai wata tsohuwar mota mai aiki da tururi, wadda wani injiniya Bature ya bari da aka sallame shi. Shef ya ce, "Hamza, in za ka iya tada wannan kakar taka, kai ta lambu." Muka gyara murhunta ya koma cin baƙin man da muke zubarwa, muka ɗaura mata bel zuwa famfon rijiya.

Saura man shafe fistan. Ni kuwa a lokacin ji nake ba wanda ya kai ni sanin mai. Na ɗauko man mota mafi kyau a sito na zuba. Ba a jima ba injin ya fara kuka kamar tsohuwar ƙofa, tururi ya wanke man tas. Na kashe shi, kunya ta rufe ni.

Baba Ilyas ya dangwali man ya sunsuna. "Ɗana, wannan ba abincin shi ba ne. A da, ni ina wanke wa Nasara motar nan. Man da yake sa mashi, warin kitse gare shi."

Na yi dariya. "Baba, mota ce fa, ba tuwo ba."

"Hancin makiyayi ba ya ɓata kitse," in ji shi.

Na koma na tambayi shef. Ya dafe kai, ya ce tsohon ya yi gaskiya: mai mai kauri ake samu a gauraya da ɗan kitse, don kitse ne ke manne wa jiƙaƙƙen ƙarfe. To ina kitse a shekarar da awaki suka zama ƙashi da fata?

Washegari Baba Ilyas ya zo da ɗan gwangwani a naɗe cikin tsumma. Kitsen tozon taguwarsa ta ƙarshe ne, wato raƙumar da ya yanka da ta kasa tashi. Matarsa ta adana shi tana ɗiga wa jikoki a abinci. Na ce ba zan karɓa ba.

Ya tura mini shi a hannu. "Taguwar nan, da ran shi, shi ke ja mana ruwa a rijiya. Bar shi ya ci gaba da aikin shi."

Na narka shi cikin man. Injin ya tashi lumui, ruwa ya bi kwalbati zuwa gindin dabino. Tsohon ya tsuguna ya sa tafinsa a ciki, yana magana a hankali da Tamajak. Ban ji yaren ba, amma na yi hawaye.

Shi ya sa nake gaya muku, samari: kafin ku buɗe gwangwanin mai, ku tambayi wanda ya daɗe da injin, ko da wanke shi kawai yake yi. Dabino shida ne suka rayu, kuma na ci 'ya'yansu.