Ranar da Aka Karɓe Mini Lasifika

Ina koyarwa a wata lakwal, wato makarantar boko, ta ƙauye kusa da Geceme shekarar da aka sake cewa za a gyara kundin tsarin mulki. Rediyo ta sanar cewa wata tawaga za ta taso daga Yamai ta zo Dogon Dutsi don jin ra'ayin talakawa, kuma duk mai koke ya zo da kokensa.

Mu kuwa muna da koke. Akwai wani tafki a yammacin garinmu, da burtali da ya bi ta gefensa, inda shanu ke wucewa tun kafin a haifi kakana. Wasu manya daga birni sun fara zuwa suna auna wurin, ana cewa lambu za su yi su kewaye da waya. Wannan ne ya haɗa mutum biyu da suka daɗe ba su ga maciji: baffana, ƙanin mahaifina, manomi mai zafin kai, da arɗon Fulanin da ke zaune bayan tafkin. Sun taɓa kai juna gaban hakimi kan ɓarnar gero. Amma duk ranin nan suka yi ta zama gindin gawo da mutanensu, har suka tsaya kan magana ɗaya: a sa cikin babbar dokar ƙasa cewa burtali da mashaya ba su sayuwa.

Ni suka sa na rubuta koken da Faransanci, kowa ya dangwala yatsa. Baffa ya ce, "Kai za ka tahi da mu, ka zama bakinmu. Abin da munka ce shi za ka ce, kada ka sa mishi gishiri."

Muka shiga motar kasuwa da sassafe. A Dutsi mun tarar an kafa rumfuna, an jera kujeru masu laushi a inuwa, mu aka nuna mana benci inda rana ke bugawa. Akwai samari da yawa sanye da riguna iri ɗaya, ga makaɗa. Tawagar ba ta iso ba sai bayan azahar. Arɗo, wanda ya tsufa ƙwarai, bai ci komai ba, goro kawai yake ɓantara. Ya sa rigarsa ta salla.

Shugaban tawagar, wani ƙaƙƙarfan mutum mai tabarau, ya yi dogon jawabi da Faransanci. Bayan shi aka ce talakawa su yi magana, amma a taƙaice, don baƙi na da sauran tafiya. Na miƙa takardarmu, wata mata cikin tawagar ta karɓa ba ta ko duba ba.

Da aka zo kanmu arɗo ya miƙe, ya dogara da sandarsa, ya yi sallama. Hausarsa tana da karin Fillanci, amma babu wanda bai gane ba.

"Mu ba mu zo roƙon hatsi ba," in ji shi. "Hanya muka zo roƙo. Saniya ba ta tashi sama. In an tare mata ƙasa, gonar mutum za ta shiga, kuma in ta shiga, jini za a zubar. Ga maƙwabcina nan, mun yi faɗa mun gaji."

Na juya maganar yadda ya faɗe ta, ban rage ba. Ina tsakiyar ambaton masu auna tafki sai wani daga cikin masu shirya taron ya matso, ya dafa kafaɗata yana murmushi, ya kira ni Mushe, yadda ake kiran malamin lakwal a wajenmu.

"Mushe, lasifikar nan na da matsala, ba a jin ka. Kawo a gyara."

Na ba shi. Bai gyara komai ba, ya miƙa wa wani saurayi mai irin rigar nan tasu. Arɗo ya ci gaba, ya yi maganar rijiyar da aka rufe bara, da maruƙan da ƙishirwa ta kashe. Saurayin ya saurara kamar gaske, sannan ya ce da Faransanci: dattijo ya ce makiyayan Arewa, wato yankin nan namu na Dogon Dutsi, suna godiya, sun karanta sabon kundi, kuma suna goyon bayansa ɗari bisa ɗari.

Aka ɗauki tafi. Makaɗa suka buga. Na ɗaga murya na ce ba haka ya ce ba, amma ganga ta cinye maganata, wani jandarma mai tsaron taron kuma ya yi mini nuni da in zauna. Na duba teburin manya. Shugaban yana gyaɗa kai yana tafi, matar nan tana fifita da takardarmu.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne fuskar arɗo. Ya ga manyan Yamai suna yi masa tafi, sai ya ɗan sunkuyar da kai don kunya, ya koma ya zauna yana gyara rawaninsa. Baffa ya kama hannunsa ya girgiza.

Da aka tashi na bi bayan rumfa, ko zan samu shugaban in faɗa masa an yi masa ƙarya. Na same shi zaune gaban tire, ya cire tabarau, ya naɗe hannun riga. Yana ce wa mai rabon abinci, "Ke ɗiyata, mi kika aje wanga zabo ki yi da shi? Kawo shi nan." Hausar Arewa tsantsa, irin ta tsofaffin garinmu. Ashe ɗan ƙasar nan ne. Duk kalmar da ta fito bakin arɗo ya ji ta tun kafin in buɗe nawa. Na tsaya ina kallon maiƙo yana bin yatsunsa. Sai na juya na koma wajen su baffa.

A mota baffa ya tambaye ni, "To, sun karɓa ko? Ka ga yadda sunka yi tahi."

Na faɗa musu duka, kalma bayan kalma. Baffa ya yi ta zagi har direba ya ce ya yi haƙuri akwai mata. Sai da muka kusa gida arɗo ya ce, "Mushe, da ka bari sai gobe. Da na kwana da daɗina."

Da dare rediyo ta ce jama'ar Arewa baki ɗaya sun amince. Kafin damina ta biyu waya ta kewaye rabin tafkin. Arɗo bai jira faɗa ba, ya tattara iyalinsa da shanunsa suka yi kudu, wajen iyaka. Ya aiko wa baffa da ƙwaryar man shanu ta sallama.

Shanunsa ne ke kwana a gonakinmu da rani suna bar mana taki. Bayan tafiyarsu geron baffa ya riƙa fitowa siriri, zangarniya kamar yatsa. Ya gwada takin zamani shekara guda, bai iya ci gaba ba saboda tsada. Ƴaƴansa biyu yanzu suna kabu-kabu a Dutsi.