Fufa-ji Ba Ya Duba Karta

Duk wanda ya taso a unguwarmu a Ludhiana ya san Kewal Sethi mai shagon tayil. In ba ka san sunansa ba, ka san tumbinsa, ko sarƙar gwal ɗin nan da yake barin maɓallan riga a buɗe don a gani. Mijin gwaggona ne, ƙanwar babana, shi ya sa muke ce masa Fufa-ji. Ni dai ba zaɓarsa na yi ba, tarar da shi na yi.

Abu ɗaya yake taƙama da shi a duniya. Ba shagon ba, wannan gadonsa ya yi, kuma yaran shago ne ke riƙe da shi yana barci a bayan kanta. Ba 'ya'yansa ba, tuni suka tsere Kanada. Taƙamarsa ita ce wai bai taɓa duba kartarsa ba.

Duk shekara in Diwali, sallar fitilunmu, ta gabato, dangi kan taru a gidan kakanmu da yamma a buga wasan kartar da muke kira tin patti. Uku-uku ake rabawa, kuma an yarda ka zuba kuɗi ba tare da ka ɗaga naka ka gani ba. Wasan makaho ke nan. Kowa kan ɗan taɓa don nishaɗi, zagaye ɗaya ko biyu, sannan ya duba kamar mai hankali. Ban da Fufa-ji. Shi da an ajiye masa karta sai ya sa ɗan yatsa ɗaya ya ture su can tsakiyar tebur, kamar an miƙo masa abincin da ya kwana, ya harɗe hannuwa a ƙeya ya ce, "Mai duba karta matsoraci ne." Tun ina rarrafe nake jin wannan magana. Har laƙabi gare shi, Sarkin Makafi, kuma in ka kira shi da shi sai ka ga haƙoransa gaba ɗaya.

Akwai kujerar kakanmu, ta katako mai hannuwa, a saman tebur. Tun da tsohon ya rasu Fufa-ji ya ɗare kanta, wai ta gwanin gida ce. Farantin farko na pakora, wato irin namu ƙosan, wajensa yake zuwa, haka kofin shayi na farko. Gwaggo Kamlesh, wadda ubanta ne mai kujerar, tana kicin tana suya har a tashi.

To, me ya sa kullum shi ke ci? Kowa ya sani, shi kaɗai ne bai sani ba. A wajenmu ba a kunyata mijin 'yar gida a gidan surukansa. Ba a musu da shi, ba a bari ya tashi rai a ɓace. Na sha ganin babana riƙe da karta mai kyan gaske, ya kalli Fufa-ji, ya kalli ƙofar kicin, ya kifa su ya ce, "Na sallama," fuskarsa kamar ta mai haɗiyar maganin zazzaɓi. Domin ranar da aka yi gangancin cinye Fufa-ji, mota yake shiga ya tafi, kuma Gwaggo ce za ta sha wata guda ba a yi mata magana a gidanta. Kunyar da ake ji saboda matarsa ita ya ɗauka ya rataya a wuya, ya sa mata suna gwaninta.

Da a haka zai mutu yana sarki, ba don bikin wata 'yar'uwarmu ba. Ana zaune bayan cin abinci wani ya tambaye ni gasar kartar poka da ake yi cikin jirgin ruwa a Goa, don sun san ina bugawa a waya. Fufa-ji ya yi tsaki.

"Wasan yara ne. Karta biyu kacal, kuma a ce sai ka leƙa? In na je can, kafin yamma sun miƙo min makullin jirgin."

Baffa Tarsem, autan su babana, ya ɗan kurɓa fiye da ƙima ranar. Ya ce da mijin yayar tasa, "Jija-ji, ka dai yi a hankali. Mutanen can ba surukanka ba ne."

Babana ya taka ƙafar Baffa a ƙarƙashin tebur, amma magana ta riga ta fita. Fufa-ji ya miƙe, ya damƙi sarƙarsa, ya rantse a gaban maza da mata: zai je Goa, zai yi wasan makaho, in aka fitar da shi kafin hutun cin abincin yamma ya bar kujerar nan har abada. Sannan ya nuna ni. "Kai za ka raka ni, puttar, ɗana. Ina son shaida."

A jirgin sama na yi ƙoƙarin faɗa masa dokokin. Ya ce, "Ina buga karta tun babanka yana fitsarin kwance." Ya juya ya kama munshari.

Ƙarfe biyu na rana ƙaramin kwalekwale mai inji ya kwashe mu daga gaɓar Panjim zuwa babban jirgin da ke tsaye a kogin Mandovi. Zafi kamar a cire fata, amma Fufa-ji kwat ya saka da baƙin tabarau, ga turare har mai tuƙin yana atishawa. Tsarin gasar ba wuya. Kowa ya biya kuɗin shiga, a ba shi tulin kwabban roba daidai da na kowa. Naka suka ƙare, ka kama hanyar gida. Ni na tsaya bayan igiyar 'yan kallo.

Kujera ta shida aka ba shi. A hagunsa wani saurayi ɗan Haidarabad da gajeren wando, kunnuwa toshe da waya, ko kallonsa bai yi ba. A gabansa wata dattijuwa 'yar Margao, Misis Lobo, da tabaran karatu a kan hanci. Duk sanda aka ba ta karta sai ta leƙa, ta kifa, ta ɗora wani ɗan kifin tagulla a kai. Mai rabon wata budurwa ce 'yar Sikkim, an rubuta Pema a ƙirjin rigarta.

Fufa-ji bai zauna ba sai da ya yi jawabi. "Jama'a, ni Sethi ne daga Ludhiana. Ba na duba karta. Wanda yake da hawan jini ya canza tebur."

Saurayin ya ƙara sautin abin da yake ji.

Gaskiya dai, da farko ya ci. Ya zuba, aka sallama masa, ya sake zubawa, aka sake sallamawa. Sai waiwayowa yake yana kashe min ido. Shi a zatonsa tsoronsa suke ji, irin na gida. Bai ga cewa mutanen nan zama kawai suka gyara ba, kowa na addu'ar Allah ya sa shi ne zai fara samun karta mai kyau kafin wani ya riga shi yanka wannan ragon.

Pema ta ce masa, "Yallaɓai, ka jawo kartarka kusa da kai. Duk wadda ta tsallake layin nan, an sallama ta ke nan."

"Ke dai yi rabonki, 'yar nan."

Can ta sake faɗa masa. Misis Lobo ta buɗe jakarta, ta ciro kwabo ta turo masa. "Ɗora a kai, ɗan'uwa. Kada su tafi."

Ya mayar mata da yatsa. "Madam, ki ajiye ki sayi alawa. Kartata ta san ubangidanta."

Bai fi awa da farawa ba aka zo wajen. Misis Lobo ta leƙa nata, ta ɗora kifinta, ta ƙara kwabbai. Fufa-ji ya ninka. Ta sake ninkawa, ko gira ba ta ɗaga ba. Abin ya ba shi mamaki, don a rayuwarsa ba a taɓa mayar masa da martani sau biyu ba. Ya zare tabarau, ya yi mata kallon da yake yi wa babana.

"Madam, kin san da wa kike wasa?"

Ta dubi lambar da ke gabansa. "Da kujera ta shida."

Wuyansa ya yi ja. Ya sa hannu biyu ya turo duk abin da ya mallaka a teburin. Ta ce, "Na bi," tun kwabbansa ba su gama zubewa ba, kuma nata sun fi nasa yawa. Sai jikinsa ya yi abin da ya saba yi shekara da shekaru. Yatsa ɗaya, ya ture kartarsa can tsakiyar tebur, ya harɗe hannuwa a ƙeya, ya soma, "Mai duba karta…"

Daidai lokacin Pema tana tattara kartocin da sauran suka yar. Nasa suka faɗa cikin na saurayin, hannunta ya share su gaba ɗaya cikin tarin.

Ya ɗan jima yana murmushi kafin ya lura gabansa wayam.

"Ina kartata?"

"Ka yar da su, yallaɓai."

Ya daki tebur, kwabban mutane suka watse. Aka kira alƙalin wasa, wani siriri mai baƙar kwat, Mista Pinto. Ya saurari kowa, sannan ya ce a doka kare karta aikin mai ita ne, amma tunda baƙo ne zai yi masa alfarma guda.

"Faɗa min a kunne abin da ke hannunka. In na duba saman tarin na same su, zan mayar maka a ci gaba."

Kowa a teburin ya san Fufa-ji bai duba ba, shi da kansa ya yi shela. Da ya ce, "Ban gani ba," da ya tashi da abu ɗaya a hannu, sunan nan nasa na Sarkin Makafi. Ina. Ya sunkuya wajen kunnen Pinto, kuma Fufa-ji bai iya raɗa ba, raɗarsa har bayan igiya na ji ta.

"Sarki biyu. Jajaye."

Misis Lobo ta ɗauke kifinta a hankali, ta buɗe nata. Sarki biyu, jajaye, kuma su ke nan jajayen sarakuna a kartar duka.

Saurayin ya cire waya daga kunne ɗaya, karon farko tun da aka zauna. "Kawu," ya ce, "ashe jirgin nan da sarakuna shida ake wasa?"

Pinto ko taɓa tarin bai yi ba. Pema ta tura wa Misis Lobo kwabban. Ko shayin la'asar ba a kawo ba, balle abincin yamma. Fufa-ji ya tsaya yana lissafo manyan mutanen da ya sani a Delhi, har ma'aikaci ya zo ya ɗauke kujera ta shida ya kai wani tebur. A kwalekwalen komawa kwat ɗin a hannu ya riƙe ta.

Kafin mu sauka Ludhiana labari ya canza. Wai ba cinye shi aka yi ba, sace masa karta aka yi, don sun ga zai kwashe komai. "Wa ya ga kartata? Babu. To ta ina aka ci ni?" Haka ya bi gida-gida yana faɗa. Babana ya gyaɗa kai. Baffa Tarsem, da giya ta sake shi tun tuni, ya ce ai mutanen Goa ba su da amana. Ni da aka kai shaida ba wanda ya tambaye ni, sai Gwaggo Kamlesh. A kicin ta tare ni tana yanka albasa ta ce, "Faɗa min yadda aka yi, kada ka rage." Ban rage ba. Da na zo wajen jajayen sarakuna ta dakata da wuƙar, sannan ta ci gaba da yankanta.

Diwali ta zo. Aka shimfiɗa tebur, Fufa-ji ya shigo ya wuce kai tsaye ya ɗare kujerar kamar bai taɓa rantsuwa ba. Maza duk suka sunkuyar da kai. Baffa ya raba uku-uku. Yatsa ɗaya, karta tsakiyar tebur, hannuwa a ƙeya.

Gwaggo ta fito da farantin pakora. Ta sa gefen hannu ta share kartocin nasa cikin tarin, ta ajiye farantin a gurbinsu.

"Me kike yi haka?"

"Ka yar da su, Sethi Sahab." Ta goge hannu da gefen mayafinta. "Kuma a gaban 'yan'uwana ka rantse. Tashi. Kujerar ubana ce."

Ya dubi babana, ya dubi Baffa, yana jiran wanda zai ba shi haƙuri. Babana ya tsura wa kartarsa ido kamar yau ya fara ganin karta. Makullin mota na aljihun Fufa-ji, na ga hannunsa ya kai wajen, amma fushin nan dama a kan Gwaggo yake saukewa, ga ta kuma tsaye a kansa tana jira. Ya tashi.

Ta zauna, ta ɗauki pakora na farko ta ce, "Tarsem, sake rabawa. Da ni."

Kujerar roba aka samo wa Fufa-ji, kusa da ƙofa, wajen takalma. Da aka ba shi karta ya kai yatsa zai ture, sai ya tsaya. Ya jawo su da hannu biyu har ƙirji, ya kare da tafinsa, ya leƙa. Ya daɗe yana kallo. Sannan ya karkato wajena ya yi raɗar nan tasa da kowa ke ji.

"Puttar, wannan mai kyau ce?"