Injin Kakana da Bakin Kawuna

Jiya a kasuwa wata mota ta tsaya ana sauke buhunan tafarnuwa, ƙamshinta ya buge ni har na manta abin da na je saye. Sabuwa ce, ba ta gama bushewa ba, da sauran ƙasar fadama a jikin saiwarta. Mai karatu, idan a Wurno ka tashi ba sai na yi maka bayanin wannan ƙamshi ba. Wasu girbi yake tuna musu. Ni kuwa wata shekarar zaɓen shugaban ƙasa yake tuna mini, shekarar da mahaifiyata ta kusa rasa zamanta a gidanmu saboda maganar da ba ita ta yi ba.

Ina firamare lokacin. Gidanmu babban gida ne, na kakana wanda ya haifi babana. A ciki akwai shi, da babana da Innata da mu 'ya'yansu, sai gwaggona, ƙanwar babana, wadda ta dawo gida bayan rasuwar mijinta. Kakana manomin tafarnuwa ne da albasa. Bai taɓa riƙe muƙami a jam'iyya ba, bai taɓa hawa motar kamfen ba, amma a unguwarmu in ya ce ga inda zai jefa ƙuri'arsa, da yawa nan suke jefawa. A wannan shekara ya faɗi nasa ɗan takara a fili, a ƙofar masallaci, unguwa kuma ta bi shi.

Innata 'yar Rabah ce. Tana da ƙane guda ɗaya, wanda ita ta goye shi bayan uwarsu ta rasu. Wannan kawu nawa Allah ya ba shi baki. Duk sanda ya zo gidanmu sai mu yanyame shi, ya riƙa kwaikwayon maganar mai unguwa da ta dillalan albasa har gwaggo ta yi dariya da hawaye. Bakin nan ne ya kai shi birnin Sakkwato, inda ya zama sojan baka: irin mutanen da 'yan siyasa ke saya wa fili a rediyo su yabi nasu, su zubar da mutuncin na wasu. Ɗan takarar da kawu yake yi wa aiki shi ne abokin hamayyar na kakana.

Da farko abin raha ne. Bayan sallar magariba babana zai ajiye rediyo a kan turmin da aka kife a tsakar gida, muryar kawu ta cika gidan. Yau ya ce ɗan takararmu ba shi da lafiya ana ɓoyewa, gobe ya ce takardun makarantarsa na aro ne, jibi ya ce in ya hau mulki man fetur sai ya fi zuma tsada. Da ya gama sai sojan bakan ɗaya ɓangaren ya shigo ya rama da abin da ya fi haka muni. Kakana yana daga zaure yana ji, wani lokaci har ya yi murmushi ya ce yaron nan da wa'azi ya kama da ya tara jama'a. Inna kuwa takan sunkuyar da kai kan tukunya, amma na san tana jin daɗin an san ƙanenta.

A farkon rani na wannan shekara kakana ya kai sansa na huɗa kasuwar Achida ya sayar, ya sayo injin ban-ruwa, ja, sabo fil. Kafin nan da guga da bokiti ake shayar da gonar, aikin da ya sa bayan babana ya fara ciwo. Ranar da aka tayar da injin har mu yara aka kai fadama mu ga ruwa yana gudu da kansa, fangali bayan fangali. Ba a daɗe ba Inna ta je suna Rabah, ta haɗu da ƙanenta, cikin murna ta ba shi labari. Iyakar laifinta ke nan.

Ban manta yammacin ba. Sanyi ya fara ja da baya, ana iya zama a waje ba mayafi. Inna tana kwashe tuwo, ni ina miƙa mata kwanoni. Sai muka ji kawu ya sassauta murya, yadda yake yi in zai saki magana mai nauyi.

"Akwai wani dattijo can Wurno," in ji shi, "mai hwarin gemu, mai tafarnuwa, wanda in shina magana sai ka ce waliyyi na. To ku tambaye shi jan injin da ka ba gonarshi ruwa, wa yab ba shi? Ni na ci tuwon gidan, na sani. An saye shi, shi kau shina saida ku."

Marar da ke hannun Inna ta faɗi cikin toka. Babana ya miƙa hannu ya kashe rediyon, amma me za a kashe? A gidan maƙwabta ta bayan katanga muryar tana ci gaba, haka a shagon mai shayi, haka a duk unguwar. Daga zaure ba mu ji ko tari ba. Gwaggo ce ta fara magana, ba ta ko dubi Inna ba.

"Wa yas san launin injin ga a Rabah?"

Tuwon ranar haka ya kwana a rufe.

Washegari da safe kakana ya sa babana ya je fadama ya kwance injin, ya ɗauro shi a bayan jaki. Ya sa aka ajiye shi a tsakiyar zaure, inda duk mai wucewa zai gani, ya ce ba za a sake tayar da shi ba sai an gama zaɓe. Babana ya roƙe shi, ya ce tafarnuwa tana sa kai, yanzu ne ta fi son ruwa, kuma kowa ya ga lokacin da aka sayar da sa. Kakana ya ce wanda ya gani ya gani, amma waɗanda suka ji a rediyo sun fi su yawa, shi kuma ba zai ci abin da ake ce wa da ƙuri'ar mutane aka shayar da shi ba.

Daga nan gidan ya canza. Zafin bazara ya fara shigowa, babana ya koma guga, ya fita da asuba ya dawo bayan la'asar tafin hannunsa duk ya fashe. Ba ya yi wa Inna faɗa, kuma ba ya yi mata magana, wannan ya fi faɗan ciwo. Gwaggo ta kafa nata murhu a ƙofar ɗakinta, ita take dafa wa kakana. In Inna ta aike ni da kwano zaure, gwaggo ta tare ni a hanya ta ce in mayar. Matan unguwa da suke shigowa daka suka ɗauke ƙafa. A makaranta yara suna bina suna cewa jikar mai jan inji. Wata rana na ji gwaggo tana ce wa babana ko Inna ta je Rabah ta huta har ƙura ta lafa, na kuma san irin wannan hutun ba kullum ake dawowa daga gare shi ba. Inna ta ji ita ma. Ta ninke zannuwanta ta zuba a jaka, ta tura ƙarƙashin gado.

Ana cikin haka aka ba da sanarwa cewa ayarin kamfen na su kawu zai tsaya Wurno a kan hanyarsa ta zuwa Goronyo, kuma shi ne zai riƙe lasifika. Tun kafin ranar samarin unguwarmu suka fara taruwa a bakin kwalbati. Na ga gora a hannun waɗanda ban taɓa gani da sanda ba. Wani da nake kira yaya yana wasa adda a kan dutse, da na wuce sai ya juya mini baya.

Ranar taron, da hantsi, muka fara jiyo kiɗa da hon na babura daga wajen hanyar Achida. Inna ta tsaya a tsakar gida tana saurare. Sai ta shiga ɗaki ta zuro hijabi, ta nufi zaure. Ka sani, mai karatu, a gidanmu suruka ba ta zuwa gaban uban mijinta. Tun da aka kawo Inna gaisuwa kawai ke haɗa su, ita ma daga bayan asabari. Na bi ta don na tsorata. Ta durƙusa a bakin ƙofa, injin yana tsakaninsu.

"Baba, ni nig gaya mai," ta ce. "Murna ta sa ni, ban san abin da za shi yi da ita ba. In an ce in tahi gida, ni tahi yau. Amma yaran ga na waje sun ɗauko ƙarfe. Ni nig goye shi, Baba."

Kakana ya dubi injin. Sannan ya ɗago ya ce mini in kira babana. Da ya zo ya ce masa, "Tahi wurin taron ga. Ka ce ma surukinka ina kiranshi, yanzu, tun bai hau mumbari ba."

Ban zaci zai zo ba, amma ya zo. Babbar riga fara, hula mai hoton ɗan takara, gumi yana bin wuyansa. Aka ce in kawo ruwa, na kawo, ya karɓa bai sha ba. Kafin ya gama gaisuwa ƙofar gida ta cika. Ina jin ana kiran a fito da shi, ina jin ƙarar gora a kan ƙasa. Wani dutse ya faɗo kan kwanon rufin zaure har na firgita.

Kakana ya nuna injin da sandarsa. "Ga shi nan. Shi na. To maimaita mani abin da kac ce, da murya irin waccan. Ga ni, ga shi."

Mutumin da yake cika jiha da magana ya sunkuyar da kai. Da ƙyar ya ce, "Baba, siyasa ta. Kuma ban kira suna ba."

"Awo, ba ka kira nau ba," in ji kakana. "Amma ka ce ka ci tuwon gidan ga. Wa ad da tuwon?"

Kawu ya waiwaya. Inna tana tsaye a bakin ƙofar cikin gida. Ta dube shi, ba ta yi kuka ba, ta juya ta shige.

Kakana ya tashi ya kama wuyan hannun kawu, ya fita da shi. Ta kafar ƙofa na leƙa. Samarin nan sun yi cirko-cirko, makamai a hannu. Tsoho bai yi musu jawabi ba. Abin da ya ce kawai, duk mai son ya buge shi sai ya fara da hannun da ke riƙe da shi. Haka ya ratsa su a hankali, babana yana biye, har bakin titi inda motoci suke. Wani ya tofa yawu, wani ya jefi motar bayan an rufe ƙofa, amma ba a zubar da jini ba. Kawu bai hau mumbari a Wurno ba ranar. An ce da suka isa Goronyo ya karɓi lasifika ya ci gaba kamar ba abin da ya faru.

Da magariba kakana ya aiko ni cikin gida. Ya ce in faɗa da ƙarfi, kowa ya ji, cewa tuwon Inna yake so. Gwaggo ta kashe wutarta.

Kada ka ɗauka daga nan komai ya daidaita. Wasu a unguwa suka ce ai ga shi nan, tsohon ya karɓi kuɗi daga ɓangarorin biyu, shi ya sa ya kare yaron. Waɗanda suke zama a zaurensa suka ragu, wasu har ya rasu ba su dawo ba. An tayar da injin washegarin jefa ƙuri'a, amma lokaci ya wuce, rabin tafarnuwar ta ƙone, wadda ta tsira kuma ƙanana ce kamar ƙwallon goruba da bai nuna ba. Shekarar da ƙyar hatsinmu ya kai kaka.

Kawu bai taɓa janye maganarsa a rediyo ba. Bayan zaɓe da 'yan watanni ya sauya sheƙa, ya koma ɓangaren da ya sha zagi, muka riƙa jin sa yana yabon mutumin da ya ce takardunsa na aro ne. Har gida ya zo gaisuwa da goro. Kakana ya karɓe shi a zaure. Inna ta aika masa da abinci, amma ba ta fito ba. Sai da kakana ya rasu, a zaman makoki, suka sake zama a tabarma ɗaya.

Yanzu na girma, ina da nawa 'ya'yan, Inna kuma tana wurina. Sojan baka ba ya buƙatar gidan rediyo a yau, waya ta ishe shi, kuma kusan kowane gida akwai nasa. A da sai an jira magariba, yanzu zagin yana shigowa tun kafin a karya kumallo, da hoto da suna da unguwa. A zaɓen da ya wuce babban ɗana ya zo yana dariya, ya kunna mana wani saurayi da ke tsiya ga wani dattijon garinsu saboda ɗan takarar da ya bi. Yaron ya iya baki, ni ma na kusa darawa. Inna ta saurara har ƙarshe, hannunta a kan carbi. Sannan ta dubi ɗana.

"Wanga yaro," ta ce, "shina da 'yar'uwa da aure wani gida?"

Ɗana ya ce bai sani ba, ya tambaye ta me ya kawo wannan. Ta ci gaba da jan carbinta. Ni ce na ce masa ya ajiye wayar ya zauna.