Jarkar Baba Daidai

A tashar binciken daji Baba Daidai ake ce masa, domin mutum ne da in ka ce ƙarfe goma ta yi, sai ya duba agogo ya ce maka saura minti biyu. Aikin lambu aka ɗauke shi, shi ke kula da furannin gaban ofis. Da aka ga ƙaƙalensa sai aka ƙara masa da ƙirgar malam-buɗe-littafi. Duk Talata da hantsi yakan ɗauki takarda da fensir ya bi wata siririyar hanya a daji, wadda aka kafa wa fegi goma. Tafiya a hankali, ba tsayawa, ba waiwaye. Wanda ya gitta ta gabansa ya rubuta shi, fari ne ko rawaya ko mai ɗigo-ɗigo; wanda ya bi ta bayansa kuwa ba ruwansa da shi. Shekara goma sha huɗu yana haka, bai taɓa rubuta ƙwaro ɗaya da idonsa bai gani ba.

Matarsa takan tsokane shi. "Mazan mutane suna kiwon awaki, nawa yana bin ƙwari da fensir." Shi ko a jikinsa, don yana ji da aikin nan ba kaɗan ba.

Sai dai hannun mai lambu ba ya iya wuce shukar da ke jin ƙishirwa. A fegi na shida akwai wata 'yar bishiya mai ƙananan furanni, inda ƙwarin suka fi sauka. A raninsa na uku ya tarar ta yi yaushi, ya juye mata sauran ruwan gorarsa. Mako na gaba ya zo da jarka. Daga nan abin ya zame masa jiki: duk rani, ranar Litinin bayan an tashi aiki, ya ɗaura jarka a keke ya je ya shayar da ita. Bai gaya wa kowa ba, ba don ɓoyo ba. Wa yake kai rahoton ya ba shuka ruwa?

Wata Laraba, Dakta, shugabar binciken, wadda ba ta wuce sa'ar 'yarsa ta fari ba, ta tara masu ƙirga su huɗu a ɗakin taro. Ta haska zanen yawan ƙwarin da aka ƙirga a bango. Da damina layukan kowa sun hau sama, da rani duk sun zube ƙasa, ban da guda ɗaya da ya tsaya ƙyam.

"Wannan fegin Baba ne na shida," in ji ta. "Ko'ina ƙwarin nan suna ɓacewa da rani, ban da nan. Ina zaton akwai ruwa kusa a ƙarƙashin ƙasa. Shekara biyu ina rubutu a kai, jibi zan aika a buga. Da ba lissafin Baba ba ne, da ni ma ban yarda ba."

Aka tafa masa. Baba Daidai ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige. Kunya ta rufe shi har ya kasa ɗaga kai, mutane kuwa suka ɗauka kawaici ne.

A gida aka ajiye masa abinci ya huce bai taɓa ba. Da matarsa ta matsa, ya zayyana mata komai, ya ƙare da cewa, "Amma ai ban rubuta ƙarya ba. Duk wanda na rubuta na gan shi."

"To me ya hana ka cin abinci, Malam?" ta ce, ta ɗauke kwanon.

Washegari ya shiga ofishin Dakta da jarkar a hannu, ya ajiye ta a gaban tebur. Ta miƙe ta gaishe shi kamar kullum, ta nuna masa kujera. Ya ƙi zama.

"Ranki ya daɗe, ruwan da kike nema a ƙarƙashin ƙasa, ga inda yake fitowa."

Ta dubi jarkar, ta dube shi. Ya yi bayani yana kallon takalminsa. Ta cire tabarau ta daɗe tana murza ido.

"Tun yaushe, Baba?"

Ya faɗa mata shekarar, da watan, har da makon. Ta buɗe fayil, ta ɗauki jan biro ta bi fegi na shida tana jan layi, shafi bayan shafi, rani goma sha biyu. Yana tsaye yana jin ƙarar takardun. Da ta yi masa faɗa da ya fi samun sauƙi.

"Lissafinka gaskiya ne," ta ce a hankali, "sai dai jarkarka muka yi ta ƙirgawa, ba dajin ba. Ni ma da laifina, ban taɓa ce maka kada a taɓa komai a hanyar ba."

"Kada ki ɗauke mini, 'yata. Nawa ne."

Ta tura rubutunta na shekara biyu cikin durowa. Ta ce hanyar tana nan a hannunsa, ba ta da wanda ya fi shi, amma daga yau ko ɗigo kada ya ƙara zuba wa bishiyar.

Mako uku bayan nan ganyen bishiyar ya nannaɗe. Baba Daidai ya zo wucewa, wani rawaya guda ɗaya ya zagaya busassun furannin ya rasa wurin sauka. Ya rubuta ɗaya, ya wuce ba waiwaye. Talatar da ta biyo ya rubuta sifili.

Har yanzu shi ke bin hanyar, kuma takardunsa sun fi na kowa tsafta. Da rani yakan dawo ofis leɓensa a bushe, muryarsa a dishe. Matarsa ta gaji da cika masa gora yana barinta a ƙofar ɗaki. Ya ce mata ranar Talata ba ya fita da ruwa, don bai yarda da hannunsa ba.