Kaset ɗin Hajiya a Hanyar Wembley

LAHADI: LEEDS ZUWA CATFORD

Ƙarfe huɗu da rabi na asuba na ja ƙofar ɗakina a Leeds, inda nake karatu a ƙarshen shekarun 1980. Ba ni da kaya sai 'yar jaka, da kaset ɗaya a aljihun kwat. Mahaifiyarmu Hajiya ce ta aiko shi daga Kano, da sharaɗin in danƙa wa yayana Dokta Sani hannu da hannu, in kuma zauna har ya gama ji. Wasiƙar ƙanwarmu da ta zo tare da shi ta riga ta gaya mini abin da ke ciki: ganin Hajiya yana raguwa, likitoci sun ce ba zai dawo ba. Shekarar Yaya bakwai rabonsa da gida. Kullum sai baɗi.

Mota ta tashi ƙarfe biyar daidai, fam tara zuwa da dawowa, tafiyar mil ɗari biyu. Kowa ya yi barci ban da ni. Na shirya yadda zan fara maganar ya fi sau goma, ina rushewa. Tara da rabi muka shiga tashar Victoria a London, na kama jirgin ƙasa, minti ashirin da biyar na sauka a Catford, unguwar su Yaya.

CATFORD

Tun daga matakala na jiyo hayaniya. Matar Yaya, Anti Binta, ta buɗe mini ƙofa tana girgiza kai.

"Shigo, Habibu. Tun takwas suke abu ɗaya."

Yaya ne da amininsa Malam Isa, Bahaushen Kumasi mai tuƙa minicab, wato tasin da ake kira ta waya. Yaya ya yi shekara biyu a Amurka, can ya ɗauko son ƙwallon Amurka, wadda ake rungume ƙwallo a ruga da ita ana bangaje juna. Shi kuma Malam Isa a talabijin ya kamu. Gardamarsu ɗaya: wane ne gwanin gwanaye tun da aka fara wasan? Sunayen ba su zauna mini ba, ni dai na riƙe su da Mai Jifa, gwanin Yaya, da Mai Gudu, gwanin Malam Isa.

"Sannu da hanya," in ji Yaya, ko kallona bai gama ba. "Ka zo a daidai. Na yi booking ɗin tikiti uku, yau Amurkawa za su buga a Wembley. Isa, ina muka tsaya? Ƙwaƙwalwa! Mutum ya karanta fili cikin daƙiƙa uku, ya jefa ƙwallo inda babu kowa, kafin ta sauka mutum ya iso."

"Dokta, mutuminka sarki ne," in ji Malam Isa. "Ƙato biyar ya tsaya gabanshi kamar dogari. Nawa fa? An ba shi ball, an ce ga bango, wuce. Kuma ya wuce!"

Na ce, "Yaya, akwai saƙo daga gida."

"Bayan wasa, Habibu. Ci abinci tukuna."

Tuwon semo ne da miyar kuka, amma loma uku na yi na tsame hannu. Anti Binta ta dube ni, ta dubi aljihuna inda hannuna yake ta komawa.

HANYAR WEMBLEY

Ƙarfe biyu da kwata, bayan azahar, muka shiga motar Malam Isa. Mil goma sha bakwai ne. Muka bi ta Lewisham, muka haye kogi ta Vauxhall, gardama na biye da mu. Yaya ya ƙirga kofunan da Mai Jifa ya ci da yatsunsa. Malam Isa ya ce kofi na jama'a ne, amma haƙarƙari na mutum ɗaya ne, a tambayi waɗanda suka yi ƙoƙarin tare Mai Gudu. Yaya ya ce gudu ai doki ma yana yi. Malam Isa ya saki sitiyari ya tafa hannu, har wani direban bas ya danna mana ham.

Sau biyu ina buɗe baki ana rufe ni. A Marylebone muka faɗa cunkoso, minti arba'in ba mu ci rabin mil ba. Zafi, ga hayaƙin motoci. Na lissafa: bayan wasa za a ce an gaji, gobe da safe Yaya ya tafi asibiti, ni in kama hanyar Leeds da kaset a aljihu. Sai kawai na miƙa hannu daga baya na tura shi cikin rediyon motar.

"Kai, mene ne haka?" in ji Yaya.

Muryar Hajiya ta cika motar. Ta yi sallama, ta gaida Binta, ta ba da labarin wanda ya haihu da wanda ya rasu a unguwa. Sannan ta ce, "Sani, ba kuɗi nake so ba, abin da kake aikowa ya isa. Yanzu in na duba tsakar gida, hayaƙi-hayaƙi nake gani. Na kusa nake ganewa. In kana da hali, ka zo tun ina gane na kusa."

Kaset ya ci gaba da juyawa babu magana. Motar gabanmu ta matsa, Malam Isa bai taka ba sai da aka yi mana ham.

"Tun yaushe?" Yaya ya tambaya, bai waiwayo ba.

"Wasiƙar ta ce tun azumi."

"Ni da nake duba iyayen wasu kullum," in ji shi.

Malam Isa ya ce, "Dokta, mamanka ya kira. Ni nawa ya mutu ina nan ina jiran takardar zama. Mu juya?"

"Mu je. Yau Lahadi, babu ofishin tikitin jirgi da ke buɗe."

WEMBLEY

Biyar saura kwata muka isa. A ƙofa aka caje jakata, aka buɗe filas ɗin shayin Malam Isa aka shinshina. Filin ya cika maƙil, ga kiɗa, ga ƙattai cikin hulunan kwano. Ban gane komai ba: a taru, a watse, a faɗi, a busa usur. Yaya, wanda ya yi wata yana jiran wannan rana, hannunsa na cikin aljihu har aka tafi hutun rabin lokaci. Can wani ya ɗauki ƙwallo ya ture mutum uku, fili ya ɗauki ihu. Malam Isa ya zungure shi.

"Ka gani? Irin na mutumina ke nan!"

"Na bar maka, Isa. Naka ne gwani."

"A'a. Ba ni karɓa daga mutum da idonshi ya yi ja. Je ka dawo, mu ci gaba."

Nan ne Yaya ya yi dariyarsa ta farko. Ba mu jira ƙarshen wasa ba, ban kuma san wanda ya ci ba har yau. Na kwana a falonsu a kan doguwar kujera.

LITININ: KOMAWA

Ƙarfe tara da minti biyar muna ofishin tikitin jirgi a babban titin Lewisham. Kujera ɗaya ta rage a jirgin Kano na ranar Alhamis, Yaya ya ce a rubuta sunansa. Daga akwatin wayar bakin titi ya kira asibiti ya nemi hutu, ina jin sa yana cewa ba roƙo yake ba, sanarwa ce. Malam Isa ya kai ni Victoria, na hau motar sha ɗaya da rabi. Wannan karon tun kafin mu fita London barci ya ɗauke ni, ban farka ba sai huɗu da 'yan mintuna a Leeds.

Na gode wa Allah da ya kai ni ya dawo da ni lafiya. Na gode wa Anti Binta da masauki, da Malam Isa da motarsa. Bayan mako uku wasiƙa ta zo daga Kano. Ƙanwarmu ta ce ranar da Yaya ya isa, Hajiya ta kama hannunsa ta ja shi bakin taga inda haske yake, ta daɗe tana duban fuskarsa, sannan ta ce, "Ashe har ka yi furfura."