Bencin Teloli

Tun yana goye ake kiransa Bature. Zabiya ne, shi kaɗai a gidansu, kuma da sunan ya bi shi makaranta bai sake rabuwa da shi ba. Uwarsa kan ce Allah ne ya yi mata ɗa da farin wata, amma maganganun 'yan ajinsu ba su kai wannan daɗi ba. Rana ba ta shiri da fatarsa, haske kuma yana sa idonsa hawaye, don haka ta taga ya riƙa kallon ƙwallo har ya girma.

Daga baya ya samu aiki a wani shagon ɗinki, yana saka maɓalli yana guga. Teburinsa na can ƙurya, bayan tarin yadi. Shagon yana da wata ɗabi'a: da an ɗauke wuta kekuna sun yi shiru, sai Dogo mai yankan yadi ya saɓi benci ya kai bakin titi, kowa ya bi shi. Can ake hira, can ake tsokana. Wurin ko inuwar sanda babu, saboda haka Bature ba ya fita. Dariyar kan iso masa, amma ba ya jin abin da ya jawo ta. Bai taɓa faɗa wa kowa ba, amma duk duniya ba abin da yake so kamar ɗan wurin zama a bencin nan.

A irin wannan lokaci yake fito da waya, ya kawo ta dab da hanci, yana rubuta gajerun labarai. Akwai na yarinyar da aka ƙera da ƙarfe, tana koyon atishawa don kada a gane ta. Akwai na mutumin da jirginsa ya faɗo daga duniyar da ranarta ba ta fi fitila ba. Duk ƙarshensu ɗaya ne, baƙon yakan tattara ya koma.

Wata rana da aka ɗauke wuta, Gwaggo, dattijuwar da ke ɗinka kayan mata, ta dawo ciki neman tabarau. Ta sami Bature a duƙe kan waya.

"Kai, ɗan nan, wayar za ka haɗiye? Wace ce take hana ka sakat?"

"Ba kowa, Gwaggo. Labari nake rubutawa."

"Labari? To karanto mu ji, in ba na asiri ba ne."

Ya so ya noƙe, amma ta riga ta zauna a kan tarin yadi. Ya karanta mata na mai jirgin: yadda wata tsohuwa ta ɓoye shi a ɗakin ajiya, yadda yake jin hirar mutane ta bango, yadda ya gyara jirginsa ya tashi ba wanda ya sani.

Gwaggo ta tafa hannu. "Shi ke nan? Ya ci abincin baiwar Allah, ya tafi ko sallama babu? Wannan ai ba shi da tarbiyya!"

"Ba wanda ya neme shi ne, Gwaggo."

"Shi ya nemi wani? Dogo! Zo ka ji butulci!"

Dogo ya leƙo, Maigida, mai shagon, na biye da shi. Aka sa Bature ya maimaita. Dogo ya ce in da shi ne, jirgin zai kwance ya buɗe shago da ƙarafan. Maigida kuwa bai yi dariya ba.

"Me ya hana shi fita wajen mutanen?" ya tambaya.

"Ranarsu ce, Maigida. Ƙona shi take yi."

Dogo ya dubi ƙofa, ya dubi jajayen tabon da ke wuyan Bature, ya sosa ƙeya.

"Wallahi mu mun ɗauka surutunmu ne ba ka so. Har cewa muke Bature ba ya zama da talakawa."

"Ni kuma na ɗauka..." Bature ya fara, Gwaggo ta katse shi.

"Ku duka kun ɗauka," in ji Gwaggo. "Sai a sauke. Dogo, tsayin naka na ado ne? Shigo da bencin."

Ciki akwai zafi, Dogo ya yi ta mita yana fifita da kwali, amma bencin bai sake fita rana ba. Daga baya Maigida ya haɗa guntayen yadi aka yi rumfa a ƙofa, mai launi barkatai, kwastomomi har kwatance suke yi da ita.

Yanzu Bature ya fara furfurar da ba mai iya ganewa, kamar yadda Dogo ke tsokanarsa. Yana nan yana rubutu, kuma ba labarin da ke wucewa sai 'yan benci sun yi masa gardama. Na mai jirgin dai, tun da Gwaggo ta ƙi ƙarshensa, har yau bai ƙare ba. Duk ranar da mutumin ya kusa gyara jirginsa, sai Gwaggo ta ce tsohuwar ta ɗora tukunya, ya bari a sauke tukuna.